Daga aljihun wa kuɗin shara zai fito?

Duk lokacin da wata gwamnati ta fito da sabuwar dokar shara, tun ba a je ko'ina ba za ka ji ƙungiyoyin masu masana'antu sun kira taron manema labarai. Kokensu bai cika wuce uku ba: kaya za su yi tsada, ma'aikata za su rasa abin yi, masu zuba jari kuma za su tattara ya-nasu-ya-nasu su koma ƙasar da ba ta takura musu. Masu fafutukar kare muhalli sukan mayar da martani cewa kukan banza ne, son riba ne kawai. Ni ban ɗauki kukan a matsayin na banza ba. Dokar shara tana cin kuɗi, tana cin lokaci, kuma akwai kamfanonin da ta yi sanadin rufewarsu. Inda na raba gari da masu koken shi ne yadda suke magana kamar dokar ce ta ƙirƙiro kuɗin da ake neman su biya.

Kuɗin yana nan tun kafin a rubuta dokar, kuma ana biyansa. Ledar da ta toshe magudanar ruwa, wanda ambaliya ta shiga ɗakinsa ne ya biya. Hayaƙin jujin da ke ci da wuta dare da rana, mai ciwon asma da ke maƙwabtaka da shi ne ya biya a kantin magani. Dagwalon masana'antar da aka saki cikin kogi, masunci da manomin rani da ke gangaren kogin su ne suka biya, alhali ba su ga ko sisi daga ribar kayan ba. A rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018, ya ƙiyasta cewa biranen duniya suna tara sharar da ta kai tan biliyan 2.01 a shekara, kuma aƙalla kashi ɗaya cikin uku ba a sarrafa shi ta hanyar da ba za ta cutar ba. Ya ce idan aka ci gaba a haka, za ta kai tan biliyan 3.4 a 2050. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, fiye da kashi 90 cikin ɗari a fili ake jibge ta ko a cinna mata wuta. Babu wani kamfani da waɗannan alƙaluma suka bayyana a littafin lissafinsa, shi ya sa yake ganin kamar kyauta ce.

Abin da dokar shara take yi, idan an tsara ta da kyau, shi ne ɗauko wannan bashi daga wuyan wanda bai ci ba ta mayar wa wanda ya ci. Ƙasashen ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta masu arzikin masana'antu ne, sun amince da wannan ƙa'ida tun 1972: wanda ya gurɓata shi zai biya. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Kuma ko ta fuskar ɗan kasuwa kansa, rashin doka ba lallai ya zama rahusa ba. Sau da yawa jinkirta biya ne kawai. A garin Niagara Falls da ke jihar New York ta Amurka, wani kamfanin sinadarai mai suna Hooker ya binne kimanin tan dubu 21 na dagwalo mai guba a wani tsohon rami da ake kira Love Canal, daga shekarun 1940 zuwa farkon na 1950. A lokacin babu wata ƙaƙƙarfar doka da ta hana. A 1953 ya rufe ramin da ƙasa, ya sayar wa hukumar makarantun garin filin a kan dala ɗaya. Aka gina makarantar firamare a kai, unguwa ta kewaye ta. Bayan shekara ashirin da wani abu guba ta fara tsattsafowa cikin gidaje da filin wasan yara. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a wurin, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. A 1980 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira Superfund, wadda ta ba gwamnati ikon bin duk wanda ya zubar da guba bashin gyara, ko da ya zubar tun kafin a yi dokar. Kamfanin Occidental, wanda ya sayi Hooker daga baya, shi ya gaji rigimar, kuma a 1995 ya amince ya biya gwamnatin tarayya dala miliyan 129, ban da sauran shari'o'i. Masu hannun jarin da suka biya wannan kuɗi, yawancinsu ba su ne suka ci ribar binnewar ba.

Saboda haka ban ga amfanin tsayawa muhawara kan ko a yi doka ko kada a yi ba. Muhawarar da ta dace ita ce kan wa dokar ke sauka a aikace. A nan ne nake ganin 'yan kasuwa masu gaskiya suna da ƙorafi na haƙiƙa, wanda ya fi wanda ƙungiyoyinsu ke kai wa 'yan jarida ƙarfi, amma ba su cika faɗinsa ba.

Ɗauki masana'anta guda da ke neman wanda zai riƙa kwashe mata shara. Kamfanoni biyu suka kawo farashi. Na farko yana da lasisi, motocinsa suna da rajista, direbobinsa sun sami horo, kowace tifa sai ta hau sikeli a bakin jujin da hukuma ta amince da shi, an biya kuɗin zubarwa da haraji, an cike takardar da ke nuna daga ina sharar ta fito, ina ta sauka. Duk wannan yana cikin farashinsa. Na biyu yana da mota da direba da lambar waya. Farashinsa rabin na farko ne, domin idan dare ya tsala zai juye kayan a bayan wata gona ko cikin wani kwazazzabo. Manajan masana'antar, wanda shi ma ana matsa masa ya rage kashe kuɗi, ba sai an gaya masa inda rahusar ta fito ba. Zai kawar da kai ya sa hannu. Idan babu mai bincike, ko kuma mai binciken yana karɓar na goro, kamfanin farko zai rasa wannan kwangilar da ta gaba da ta gaba, har sai ya rufe ko ya koyi halin na biyu. Dokar da aka yi don a tsabtace gari ta koma tana tace masu gaskiya daga kasuwa. Kuma gwargwadon tsananin dokar a takarda, gwargwadon ribar mai karya ta.

Wannan ba matsalar ƙasashe matalauta ba ce kawai. Birtaniya ta fara karɓar harajin zubar da shara a juji a 1996, fam 7 kan kowane tan. Harajin ya yi ta hawa, ya kai fam 80 a 2014, ya haura fam 100 daga baya. Ya yi aikin da aka ɗora masa: sharar da ake binnewa ta ragu ƙwarai, domin sake sarrafawa da ƙonawa don samar da wutar lantarki sun zama sun fi araha. Amma harajin mataki biyu ne. Sharar da ba ta ruɓewa, irin ƙasa da duwatsu, harajinta 'yan fam ƙalilan ne. Sai wasu suka gano cewa idan aka niƙa sharar gida aka cakuɗa ta da ƙasa, aka rubuta a takarda cewa ƙasa ce, a tifa guda kawai an tsira da ɗaruruwan fam. Wasu kuma sukan kama hayar rumbun ajiya da sunan bogi, su karɓi kuɗin kwashe shara a hannun kamfanoni, su cika rumbun maƙil har rufi, su ɓace, su bar mai gini da jidali. Ana ƙiyasta cewa laifukan shara suna jawo wa Ingila asarar kusan fam biliyan ɗaya a shekara. A kudancin Italiya kuwa, tsakanin Napoli da Caserta, gungun masu aikata manyan laifuka da ake kira Camorra sun shafe shekaru suna karɓar dagwalon masana'antu a farashi mai rahusa suna binnewa ko ƙonawa a gonaki, har aka laƙaba wa yankin sunan ƙasar gobara. A Janairun 2025 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta yanke hukuncin cewa gwamnatin Italiya ta gaza kare rayukan mazauna wurin. Masana'antun da suka miƙa wa waɗannan mutane shararsu ba a ɓoye suke ba, masu rajista ne da ofisoshi da akantoci.

Shara tana bin rahusa har ta ƙetare teku. A shekarun 1980, da dokoki suka yi tsauri a Turai da Amurka, kuɗin sarrafa guba ya yi sama, sai dillalai suka juyo da jiragen ruwa zuwa inda babu mai tambaya. A 1988 aka bankaɗo dubban duro na dagwalo mai guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a ƙaramar tashar jiragen ruwa ta Koko a Najeriya, kuma sai da aka kai ruwa rana kafin Italiya ta kwashe kayanta. Irin waɗannan abubuwan kunya su suka haifar da yarjejeniyar Basel kan safarar shara mai guba tsakanin ƙasashe a 1989, da ta Bamako da ƙasashen Afirka suka ƙulla a 1991. Duk da haka a 2006 aka sake maimaitawa. Jirgin Probo Koala, wanda kamfanin Trafigura ya yi haya, ya tsaya a Amstadam ta ƙasar Holan don sauke wani ruwan dagwalo. Da kamfanin da zai karɓa ya ji warin, ya gwada ya ga abin ya fi yadda aka faɗa masa muni, sai ya ninka farashi sau da yawa. Aka ƙi biya. Aka zuƙe abin da aka riga aka sauke aka mayar cikin jirgi, hukumomin tashar suna kallo. Makonni bayan haka aka miƙa shi ga wani sabon ƙaramin kamfani a Abijan, wanda ya karɓi aikin a kan kimanin dala dubu 17, ya loda wa tankoki suka zazzubar a wurare daban-daban cikin birnin. Mutum fiye da dubu ɗari suka je neman magani. A 2007 Trafigura ya biya gwamnatin Kwadebuwa kusan dala miliyan 198 ba tare da amsa laifi ba, a 2010 kuma wata kotun Holan ta ci shi tarar yuro miliyan ɗaya saboda fitar da sharar ba bisa ƙa'ida ba. Abin lura a wannan labari shi ne kamfanin Amstadam ɗin da ya faɗi farashin gaskiya, shi ne ya rasa cinikin.

Wani zai ce, to ai wannan hujja ce ta a sassauta dokoki. Ni akasin haka na fahimta. Gwamnatin da ba ta da jami'an da za su bi doka goma, gara ta yi uku ta tsaya a kansu tsayin daka, da ta yi goma don a yaba mata a taron ƙasa da ƙasa sannan ta bar su a hannun duk wanda ya fi iya toshiyar baki. Dokar da ba a aiwatarwa ba ta zama a banza kawai. Tana zama makami a hannun ƙaramin jami'i, ya zaro ta ranar da yake buƙatar kuɗi, a kan wanda ba shi da uwa a gindin murhu.

Jamus ta ɗanɗana wannan darasi ta wata fuskar. A 1991, lokacin da Klaus Töpfer yake ministan muhalli, ƙasar ta yi dokar da ta ce duk wanda ya saka kaya cikin kwali ko roba ko gwangwani ya kai kasuwa, shi ke da alhakin mazubin bayan mai saye ya gama da shi. Shekara guda kafin nan wani masani ɗan Suwidin, Thomas Lindhqvist, ya riga ya tsara wannan tunani na ɗora wa mai ƙera kaya nauyinsa har ƙarshen rayuwar kayan. Kamfanonin Jamus suka haɗu suka kafa tsarin tattara mazuban, kowa yana biyan kuɗi gwargwadon nauyi da nau'in abin da ya yi amfani da shi, a ba shi izinin buga alamar koren ɗigo a jikin kayansa. Nan da nan aka ga sauyi a kantuna. Kwalayen da ake ƙara naɗe kaya da su don ado kawai suka fara ɓacewa, domin yanzu kowane giram yana da farashi. Amma zuwa 1993 tsarin ya kusa durƙushewa, kuma cikin manyan dalilan akwai kamfanonin da ke buga alamar ba sa biya, ko suna bayyana ƙasa da abin da suka sayar. Masu biya su ke ɗauke da marasa biya. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. An daɗe ana faci kafin dokar 2019 ta kawo rajista ta fili a intanet, inda kowa zai iya duba ko abokin gasarsa ya yi rajista. Daga 2022 kuma aka wajabta wa manyan kasuwannin intanet su tabbatar mai sayarwa ya yi rajista kafin su bar shi ya baje kaya. A ganina wannan ya fi ɗaruruwan jami'an duba-gari tasiri, domin babu mai sa ido kan ɗan kasuwa kamar abokin gasarsa.

Akwai wani ɓangaren da ba a cika son taɓawa ba: manyan kamfanoni ba sa tsoron doka kamar yadda suke nunawa. Kamfanin da ke da ma'aikata dubu hamsin zai ware mutum biyar su zauna suna cike fom da rubuta rahoto, ba zai ji a jikinsa ba. Mai ƙaramar masana'anta da yaransa takwas, shi ne manaja, shi ne akanta, shi ne mai sayo kaya, fom ɗin nan guda zai cinye masa daren da ya kamata ya yi lissafin albashi. Kuɗin lasisi, kuɗin gwajin ɗakin bincike, kuɗin lauya, duk kusan ɗaya ne ga babba da ƙarami, amma babba yana raba shi kan kaya miliyoyi. A ƙasashen Tarayyar Turai, ƙaramin mai sayar da kaya ta intanet da ke son aika wa abokan ciniki a ƙasashe da dama, a kowace ƙasa sai ya yi rajistar mazubansa daban, da ƙa'idoji daban, da harshe daban. Da yawa sukan haƙura da kasuwar kawai. Idan ƙananan sun janye, wa ya rage? Don haka idan na ga katafaren kamfani yana marhabin da wata doka mai sarƙaƙiya, nakan so in san wa za ta kora daga kasuwa.

Maganin wannan ba ɓoyayye ba ne. A sauƙaƙa wa ƙarami takarda, kada a sauƙaƙa masa zubar da guba. Sannan a ɗora nauyi a inda ake yanke shawara. Mai kanti ba shi ya zaɓi a zuba sabulun wanki ko man gashi cikin 'yar ƙaramar leda mai ƙyalli ba. Irin wannan leda, idan ka yaga ta ka duba bakin, za ka ga shimfiɗa-shimfiɗa ce: roba a waje, siririn alminiyon a tsakiya, wata robar a ciki, an manne su yadda babu injin da zai raba su a farashin da zai biya. Ba mai sayenta, don haka ba mai tsintarta. Injiniyan wani kamfani ne ya zauna ya tsara ta haka saboda ta fi araha kuma kaya sun fi daɗewa a ciki. Kama mai kanti ko mai talla saboda ita zalunci ne, kuma ba zai canza komai ba. Amma a ce wa kamfanin da ya ƙera ta zai biya ninkin abin da mai mazubin roba iri ɗaya ke biya, za ka ga injiniyan nan ya koma kan teburinsa. Birtaniya ta bi wannan hanya a 2022 da harajin fam 200 kan kowane tan na mazubin robar da bai ƙunshi aƙalla kashi 30 cikin ɗari na tsohuwar roba ba. Ba ta ce wa kowa ga yadda zai yi ba. Ta sa farashi ta koma gefe.

Shi ya sa na fi karkata ga farashi a kan haramci, duk da cewa haramci ya fi daɗin sanarwa. A 2002 ƙasar Ailan ta sa harajin santi 15 na yuro kan kowace ledar cefane. Amfani da leda ya faɗi daga kimanin 328 ga kowane mutum a shekara zuwa 21. Ba a ɗaure kowa ba. A Jamus, kwalbar roba ko gwangwanin lemo yana ɗauke da ajiyar santi 25. Ka saka fanko cikin na'urar da ke bakin kanti, ta juya shi ta karanta lambar jikinsa, ta miƙo maka rasit na karɓar kuɗin ajiyarka. Fiye da kashi 95 cikin ɗari suna dawowa. Koriya ta Kudu tun 1995 ta wajabta zuba shara cikin buhunan da ake saya daga hukuma, wanda ya fi tara shara shi ya fi biya, abin da za a sake sarrafawa kuma a kwashe shi kyauta.

Kenya ta bi ta ɗaya hanyar. A Agustan 2017, bayan yunƙuri biyu da suka ci tura a 2007 da 2011, ta haramta leda da hukuncin da ya kai ɗaurin shekara huɗu ko tarar shilin miliyan huɗu. Ƙungiyar masu masana'antun ƙasar ta yi gargaɗin cewa ayyuka dubu 60 za su salwanta. Ba zan ce haramcin bai yi amfani ba. Ledar da ke rataye a bishiyoyi da wayoyin lantarki ta ragu, kuma Ruwanda da ta riga ta tun 2008 ta nuna abin yana yiwuwa. Amma fasa-ƙwaurin leda daga maƙwabta ya buɗe, kuma waɗanda aka fi gurfanarwa ƙananan 'yan kasuwa ne masu sayar da kaya a bakin hanya. Jakunkunan da suka maye gurbin ledar su ma na roba ne, wasu marasa ƙwari har sai da hukuma ta sake bin su da wata dokar a 2019. Haramci yana da muhallinsa, musamman ga abin da guba ne tsantsa ko wanda babu yadda za a tattara shi. Sai dai yana buƙatar iyaka mai tsaro da madadi mai araha, kuma gwamnatoci da yawa suna sanar da shi ba tare da ko ɗaya ba.

Abin da ɗan kasuwa ya fi tsana, fiye da haraji, shi ne ba-zata. Wanda ya ciyo bashin banki ya sayo injin da zai biya kansa cikin shekara goma, idan aka wayi gari aka ce abin da injin ke yi ya haramta nan da wata uku, an kashe shi ne, ko da dokar tana da kyau. Abin da ya sa harajin jujin Birtaniya ya jawo jari shi ne an sanar tun da wuri cewa zai riƙa ƙaruwa da fam 8 kowace shekara har zuwa 2014. Mai son gina masana'antar sarrafa shara zai iya ɗaukar wannan jadawali ya kai wa banki. Kwatanta da abin da ya faru da ƙasar Sin ta rufe ƙofa. Shekara da shekaru ita ke sayen kusan rabin tsohuwar robar da ake fataucinta a duniya. A Yulin 2017 ta sanar cewa daga farkon 2018 ta daina karɓar nau'i 24 na shara. Tana da cikakken haƙƙin yin haka, ba jujin kowa ba ce. Amma farashin tsohuwar takarda da roba ya rushe a Amurka da Turai da Ostareliya, kamfanonin tattarawa suka rasa mai saye, wasu garuruwa suka koma binne abin da mutane suka wahala suka ware. Kwantenoni suka karkata zuwa Malesiya da Tailan da Biyetnam, har Malesiya ta fara mayar wa masu su da kayansu a 2019. A nan ne asiri ya tonu cewa abin da ƙasashe masu arziki suka daɗe suna kira sake sarrafawa, kaso mai yawa lodi ne kawai zuwa wata ƙasa.

Akwai kuma 'yan kasuwar da ba a gayyatarsu teburin tattaunawa sam, alhali su suka fi kowa sanin shara: 'yan jari-bola, da masu sayen gwangwani da ƙarfe da kwali a hannunsu. Miliyoyin mutane ne a faɗin duniya, kuma a birane da yawa duk wani abu da ake sake sarrafawa ta hannunsu yake bi. Idan aka zo zamanantar da harkar shara, su ake fara korewa. Alƙahira ta gwada a 2003, ta ba wa kamfanonin ƙasashen waje kwangilar kwashe sharar birnin, ta tsallake Zabbalin, al'ummar da ta shafe shekaru tana bi gida-gida tana karɓar shara, tana kuma ware mafi yawanta ta sayar. Kwangilar kamfanonin kashi 20 cikin ɗari kawai ta nemi su sake sarrafawa. Manyan motocinsu ba sa shiga lunguna, mazauna benaye da suka saba a zo har ƙofa aka ce su sauko da shara da kansu. Daga baya hukumomi suka dawo suna neman waɗanda suka kora. Birazil ta fi dabara: dokarta ta 2010 ta ambaci masu tsintar shara da ƙungiyoyinsu a matsayin ɓangare na tsarin. A Bogota ta Kolambiya, bayan shari'ar da masu tsintar suka yi ta yi har kotun tsarin mulki, daga 2013 birnin ya fara biyansu kan nauyin abin da suka tattara, kamar yadda yake biyan kamfanoni. Duk lissafin tasirin doka kan kasuwanci da ya ƙirga ayyukan masana'antar leda amma ya manta da waɗannan, lissafi ne na son rai.

Gwamnati ma tana da nata bashin. Ba daidai ba ne a karɓi kuɗin shara a hannun otal ko asibiti ko masana'anta, sannan motar ba ta zuwa, jujin da aka amince da shi babu, wurin ƙona sharar asibiti ya lalace, amma a dawo a ci su tara don sun nemi mafita da kansu. Haka nan kuɗin da aka karɓa da sunan muhalli, idan ya shige babban asusu ya narke a albashi da tafiye-tafiye, ɗan kasuwa yana da gaskiya idan ya kira shi haraji da aka sauya wa riga. Da ni ne shugaban wata ƙungiyar 'yan kasuwa, da a nan zan sa ƙarfina. Zan nemi a buga sunayen duk masu lasisi kowa ya gani, a buga nawa aka tara da inda aka kashe, a ba da wa'adi mai tsawo kafin kowace sabuwar ƙa'ida, kuma a kama wanda ke karya farashi ta hanyar zubarwa a daji, ko da ɗan ƙungiyata ne. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuya, kuma shi ne ba ka cika ji a taron manema labarai ba.

Wasu kamfanonin sun fara gane hakan, ko don Allah ko don aljihu. Da Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara tattaunawar ƙulla yarjejeniya kan gurɓatar roba a 2022, wata gamayyar kamfanoni da ta haɗa da Unilever da Nestlé da Coca-Cola, waɗanda mazubansu ke cikin waɗanda aka fi tsinta a bakin teku, ta fito tana neman a yi ƙa'idoji masu tilas iri ɗaya ga kowace ƙasa. Ban ɗauke su waliyyai ba. Mai sayar da kaya a ƙasashe fiye da ɗari ya fi son doka ɗaya a kan ɗari, kuma ya san ƙananan abokan gasarsa za su fi shi jin nauyinta. Taron Busan a ƙarshen 2024 ya tashi ba a cimma matsaya ba, na Janeba a Agustan 2025 ma haka, kuma babban abin da ya hana shi ne turjiyar ƙasashe masu arzikin man fetur, waɗanda ba su yarda a taɓa yawan sabuwar robar da ake ƙerawa ba.